Abin da na koya a rumfar gyaran agogo

Na bar rumfar maigidana a ƙarshen watan jiya, kuma na san masu gyaran agogo na Tsohuwar Kasuwa sun riga sun ji labarin daga bakinsa. Ga nawa ɓangaren.

Wani dattijo ne ya kawo agogon bango da ya gada wurin mahaifinsa, irin mai lilon nan da ake yi wa wani da makulli. Ya ce tun shigowar bazara yake yin baya, yanzu har ya fara tsayawa. Ina buɗe bayansa na ga ciwon. Ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta daskare a bakin haƙora, shi ne dalilin tsayawar. Yin bayan kuwa aikin zafi ne. Sandar lilon ƙarfe ce, zafi yana miƙa ta, kuma lilo in ya ƙara tsawo sai ya rage sauri. Kowane digiri ɗaya yana cin kusan rabin daƙiƙa a yini, to a lissafa tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu a Sakkwato, lokacin da ake haura digiri 40. Wannan ba sabon ciwo ba ne. Tun da Christiaan Huygens ya ƙera agogon lilo na farko a 1656 maƙera ke fama da shi, har George Graham na Ingila ya sa zaiba a ƙasan lilo a 1721 don ta riƙa tashi sama idan sandar ta miƙe. Agogon dattijon ba shi da wannan dabara, amma yana da ɗan noti a ƙarƙashin lilon. A wanke injin, a ɗiga sabon mai, a murɗa notin sama kaɗan, shi ke nan.

Sai na ji maigida yana cewa, "Alhaji, inji ya gaji, amma ka bar mana shi." Da dattijon ya tafi na matsa kusa na ce, "Maigida, wanki kawai yake so." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, yaushe aka haife ka?" Da hannunsa ya kwance injin tagulla, ya ɗaura na roba mai batir wanda ke kaɗa lilon don ado, ya sayar da na asalin ga masu sayen kayan da.

Bayan sati biyu ɗan dattijon ya dawo da agogon a hannu, ransa a ɓace, don sun sa makulli ba su sami abin da za su murɗa ba. A gaban maƙwabtan rumfa maigida ya nuna ni ya ce, "Yaron nan ne ya karya shi wajen wanki, na rufa masa asiri ne." Ban ce uffan ba. Mutumin da ya koya mini riƙon sukudireba, wanda mahaifina ya damƙa ni a hannunsa, ba zan ƙaryata shi a bainar jama'a ba. Ya zare kuɗin a cikin ɗan abin da yake ba ni. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda dattijon ya daina amsa gaisuwata a hanyar masallaci. Har yau wannan yana ci mini rai.

Kada a ɗauka ina raina agogon batir. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai dutsen kwaz a 1969 sana'armu ta sauya. Ɗan dutsen da ke cikin irin na yanzu yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, kuma injin roba mai araha ya fi wancan na tagulla riƙe lokaci nesa ba kusa ba. Da an gaya wa mai kaya haka ya zaɓa da kansa, da babu laifi. Don haka duk ƙarfen da ka cire, ko sifirin ne da ya tsinke, ka ƙulle shi a leda ka miƙa wa mai shi. Kuma in kai yaron rumfa ne, ka riƙa rubuta wanda ya taɓa kowane agogo, ko da maigidanka mutumin kirki ne.

Sauran darussan ƙanana ne. Ba a buɗe agogon hannu a bakin rumfa ana iskar hunturu. Mai in ya yi yawa ya fi rashinsa ɓarna. Mai cewa agogonsa ya lalace don sha biyu ta buga rana ba ta tsaya tsaka ba, ka zaunar da shi: lokacin Najeriya an ɗaure shi ne a layin digiri 15 gabas, Sakkwato kuwa tana wajen digiri 5, kowane digiri minti 4 ne, shi ya sa ranarmu ke biyo agogo a baya da kusan minti 40.

Yanzu na kafa ɗan teburina a unguwarmu. Wasu tsofaffin masu kawo gyara sun fara nemo ni da kansu, ban aika wa kowa ba. Ina kuma bin masu sayen kayan da ɗaya bayan ɗaya ina cigiyar injin nan, don in Allah Ya sa na same shi zan saye shi da kuɗina in ɗaura wa dattijon abinsa.