Daren gidauniya a ƙaramin gidan sinimarmu

Da wuya wata ya wuce ba a sami wakilan wata ƙungiyar taimako sun zo ofishina ba, ko masu kula da marayu, ko masu neman kuɗin yi wa marar lafiya aiki, ko iyayen yara da ke son gyara ajujuwan wata makaranta. Ina karɓarsu hannu bibbiyu, domin wannan yana cikin ayyukan da na fi alfahari da su a sana'ata. Sai dai yawancinsu da magana ɗaya suke farawa, wato zaure kawai suke so da farin allo, sauran abubuwan za su ji da su. Duk lokacin da na ji haka sai na gyara zama, domin na san akwai dogon bayani a gabanmu.

Haɗa sinima da aikin taimako ba mu muka fara ba. A shekarar 1927 wasu mutum 11 masu sana'ar nishaɗi suka kafa ƙungiyar Variety Club a birnin Pittsburgh na Amurka, don zumunci kawai. A jajibirin Kirsimeti na 1928 aka tsinci jaririya da aka ajiye a gidan kallo na Sheridan Square, tare da takarda daga mahaifiyarta tana roƙon a kula da ita. Suka ɗauki nauyinta, daga nan kuma ƙungiyar ta rikiɗe ta zama ta taimakon yara, tana nan har yau a ƙasashe da dama. A Ingila ma tun 1946 aka fara shirya wani kallo na musamman wanda 'yan gidan sarauta ke halarta, kuɗin da aka tara kuma ya tafi asusun tallafa wa ma'aikatan fim da suka shiga wani hali.

Ni a ɗakin na'ura na koyi aiki, a hannun wani dattijo wanda ba ya yawan magana, a zamanin da fim yake zuwa a zare mai faɗin milimita 35, yana gudu hoto 24 a kowace daƙiƙa. Kowane naɗi bai wuce kamar minti 20 ba, saboda haka na'ura biyu ake ajiyewa kusa da juna. Idan naɗi ya kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo yakan bayyana a kusurwar allo ta sama daga dama, sai ka tayar da na'ura ta biyu, bayan 'yan daƙiƙoƙi ɗigo na biyu ya bayyana, sai ka sauya. Idan hannunka ya nuna, babu wanda zai san an sauya komai a cikin 'yan kallo. Wata rana aka shirya kallo don tara wa wani gidan marayu kuɗi, ni kuwa na saki jiki, a ganina ai ba dare ne na ciniki ba. Ɗigon farko ya wuce ina hira da wani ta taga, allo ya yi fari fat, zaure ya ɗauki ihu. Maigidana bai ce mini uffan ba sai da kowa ya watse, sa'annan ya ce, "Yaro, waɗannan da ka gani sun biya sau biyu, sun sayi tikiti sun kuma ba da gudummawa. Su ne za ka ba rabin aiki?" Na ce, "Tuba nake, Maigida." Ya miƙo mini tsumma ya ce in goge madubin na'urar duka biyun kafin in tafi gida.

Yanzu zare ya zama tarihi a yawancin gidajen sinima, amma aikin bai ragu ba, kama ya sauya. Fim yana zuwa ne a matsayin kundin kwamfuta da ake kira DCP, a kulle, sai kamfanin da ke rarraba shi ya aiko da mabuɗi, wato KDM, wanda aka yi shi don na'urarka kaɗai, kuma yana aiki ne daga ranar kaza da ƙarfe kaza zuwa ranar kaza da ƙarfe kaza. Nan ne daren gidauniya yake da nasa haɗarin, domin ban taɓa ganin taron neman taimako da aka fara a kan lokaci ba. Babban baƙo zai makara, jawabin minti biyar zai zama na rabin awa, kafin ka ankara lokacin mabuɗi ya kusa cika. Saboda haka tun farko nake roƙon kamfanin ya tsawaita wa'adin, kuma nakan gwada fim ɗin daga farko har ƙarshe kwana ɗaya kafin taron, ni kaɗai a zaure. Ina auna hasken allo ya kai ma'aunin da aka amince da shi a sana'ar, wato kandela 48 a kowace murabba'in mita, domin ƙwan fitilar na'urar, wanda ake kira zinon, yana dushewa a hankali yayin da yake tsufa, ido kuma yana sabawa da dushewar har mai gidan ya daina lura. Sauti ma ina bin lasifikokin ɗaya bayan ɗaya, idan kuma yara ƙanana ne za su cika zauren ko tsofaffi, nakan sassauta shi kaɗan daga yadda aka saba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa wani ya yi musu alkawarin yin wannan aikin a kan kuɗi kaɗan. Na san irin wanin da suke nufi. Zai ɗauko ƙaramar na'urar haska rubutu irin ta ofis, ya rataya farin ƙyalle, ya saka faifan DVD ko fim ɗin da ya sauko da shi daga intanet, ya kira abin sinima. Fuskoki su fito kamar an wanke su da ruwan toka, magana ba ta fita, mutanen da suka zo da niyyar alheri su koma gida da ciwon kai. Bayan haka akwai batun haƙƙin mallaka, wanda masu shirya taro da yawa ba su san da shi ba. Faifan da aka saya don kallo a gida bai ba kowa izinin haska shi ga jama'a ba, ko da kuwa kyauta ne, ko da kuɗin na marayu ne. Sai an nemi lasisi daga mai haƙƙin. Ni nake rubuta wannan takardar a madadin ƙungiya, in bayyana ko su wane ne da abin da za a yi da kuɗin, kuma sau da yawa a kan sami sassauci idan an nema da wuri cikin ladabi. Mai farin ƙyalle ba ya rubuta wa kowa takarda, shi ya sa nasa yake da araha.

Inda ba na jin roƙo ko kaɗan shi ne ƙarin kujeru a kan hanyar wucewa. Masu taro sukan ce kowace kujera ƙarin taimako ce, ni kuma sai in ba su labarin Bazar de la Charité. Ranar 4 ga Mayu, 1897, a birnin Paris na Faransa, ana tsakiyar wata kasuwar neman taimako da manyan mata suka shirya, wuta ta tashi daga wurin fitilar na'urar sinima da ke aiki da wani sinadari mai saurin kama wuta da ake kira ether. Ginin na katako ne da yadi, hanyoyin fita kuma ba su wadatar ba, mutum fiye da 120 suka rasu, akasarinsu mata. Na'urorin yau ba sa kama wuta irin ta wancan zamani, amma cunkoso a bakin ƙofa yana nan yadda yake. Teburin karɓar gudummawa ma ba na bari a kafa shi a gaban ƙofar fita ta gaggawa, kuma wurin masu keken guragu nasu ne, ko da babban baƙo ya zo da mutum goma da ba a sa ran zuwansu ba.

Yawancin ƙungiyoyi suna zuwa da ɗan gajeren bidiyo na aikinsu, galibi wanda aka ɗauka da waya. Nakan zauna da su mu rage shi ya dawo minti uku ko huɗu, in gyara sautinsa, in mayar da shi DCP don ya fito a babban allo ba tare da ya dagargaje ba. Nakan kuma nemi a cire duk inda aka nuna fuskar yaro yana kuka ko marar lafiya a halin da ba zai so a gan shi ba, domin abin da ya yi ƙanƙanta a waya yakan zama wani abu dabam idan ya cika bango guda a gaban maƙwabtansa. Jawabi kafin fim ake yin sa, ba bayansa ba. Idan fim ya ƙare ba na kunna fitilu gaba ɗaya, ina ɗaga su ne sannu a hankali yayin da sunayen ma'aikata ke tafiya, don mutane su fito a natse su tarar da akwatunan gudummawa a farfajiya. Akwatunan ba ni nake buɗe su ba, ba kuma yarana ba, wakilan ƙungiya biyu ne suke ƙirgawa a gaban shaida.

Ƙungiyar da ke son irin wannan dare ta zo aƙalla mako shida kafin ranar da ta tsayar, saboda neman lasisi da mabuɗi, ta kuma zo da sunayen finafinai biyu ko uku, domin ba kowane fim ne mai haƙƙinsa yake sakinsa a lokacin da ake so ba.