Ƙannena masu son tara 'yan mutum-mutumin teloli, kar ku taɓa su da fenti

Kwanan nan ina ganin yara matasa sun fara sha'awar tara tsofaffin kayan ɗinki, keke ne, almakashi ne, har da ƙananan mutum-mutumin nan da teloli ke ɗora samfurin riga a kai, to wallahi abin yana min daɗi, amma bari in faɗa muku inda na yi ɓarna tun kafin ku ma ku yi irinta, don abin da ya lalace a harkar nan ba ya dawowa.

Da farko ku san iri biyu ne. Akwai na waje, wanda kamfanonin takardar yankan ɗinki na Amurka irin su Simplicity da McCall's da Butterick sunka riƙa fitarwa wajen shekarun 1940, har Singer ma ta yi nata don koya wa yara mata ɗinki, wasu an yi su da garin katako da anka kwaɓa da gam, wasu da wani abu mai kama da roba. Irin waɗannan da wuya ka gansu a Sakkwato sai dai in gwanjo ya kawo ko ka saya ta intanet. Sannan akwai namu na gida, wanda tsohon tela ya sa kafinta ya sassaƙa mishi ƙirji da kafaɗa da ƙugu, ba kai ba hannu, ya cusa auduga ya lulluɓe da akoko ya ɗinke da hannunshi. Ni a da ina raina na gidan, idona na kan na Turawa, kuma nan ne wautar farko. Na waje an buga su da yawa a masana'anta, na gida kuwa ko ka zagaye Tsohuwar Kasuwa kaf ba za ka samu biyu iri ɗaya ba.

Kar wani ya ce muku wasan yara ne. Madeleine Vionnet, wadda ta shahara da ɗinki a Faransa, a kan ɗan ƙaramin mutum-mutumin katako take fara gwada yankanta, sai ya zauna sannan a yanka babban yadi. Hikimar ɗaya ce da ta telanmu, gara ƙyalle ya lalace da a ɓata shaddar mutane.

Babbar ɓarnar da na yi ita ce wannan. Wani dattijon tela da ido ya fara gaza mishi ya ba ni nashi, akokon ya yi ja saboda tsufa, ƙirjin duk hudar fil ce birjik, ga layin alli shuɗi daga wuya zuwa ƙugu inda yake auna tsagar gaba, gefen kafaɗar dama ya yi baƙi ya yi santsi don nan yake kamawa da hannu in zai juya shi. Ya ce min "ɗana riƙe wanga, ya girmi uwarka a shagon nan." Ni kuma da na je gida sai na ga datti kawai nake gani, na yage akokon na sa sabon farin yadi, ƙafar katakon na goge ta da sanfefa na shafa mata fenti mai ƙyalli, ina ta murna. Da na kai mishi ya gani sai ya shafa kafaɗar da hannu ya yi shiru, can ya ce "to ai wanga ba nawa ba ne." Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin hudar fil ɗin nan da allin nan su ne aikin mutumin na shekara da shekaru, kuma ni na zuba su a bola da hannuna. Abin da ya kamata in yi bai wuce in sa burushi mai laushi in kaɗe ƙura ba. Ba ruwa, ba omo, ba fenti, ba sufa gulu. In ɗinki ya warware a kama shi da allura da zare a hankali, shi ke nan.

Sai maganar ajiya, wadda garinmu ba ya yi wa kowa sassauci a kanta. Kun san zafin Sakkwato a watan Afrilu, ya haura digiri 40 ba labari ba ne, ni kuma na jera nawa a ɗakin kwano mara silin kusa da taga. Na waje guda da na sha wahala kafin in samu, fuskar fentinshi ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, saboda garin katakon yana kumbura da danshin damina ya motse da bushewar hunturu, fentin sama kuma ba ya iya binshi. Mai robar kuma na ƙulle shi a leda wai ina kare shi daga ƙura, ya yi gumi ya koma yana danƙo. Ku nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da rana, ku naɗe da tsohon zanen auduga wankakke, ku ɗaga daga ƙasa saboda gara, kuma ku riƙa dubawa lokaci lokaci musamman in damina ta faɗi.

Akwai kuma zancen addini, kar ku yi kamar ba ku san da shi ba. A gida an yi min faɗa kan masu kai da fuska, kuma ba su yi laifi ba, ni ne ban tambaya ba kafin in shigo da su. Ko a Kano a 2021 Hisbah ta hana masu shaguna amfani da mutum-mutumi mai kai. Ku je wurin malaminku ku tambaya tun kafin ku kashe kuɗi. Ni dai yanzu marasa kai kawai nake ajiyewa, hankalina ya fi kwanciya, kuma dama su ne ainihin kayan aikin tela.

In za ku saya daga hannun tsoho, don Allah kar ku tsaya a ciniki kawai ku tafi. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku zauna, ku ce Baba wa ya sassaƙa maka, wace shekara, wa ya koya maka ɗinki, wace irin riga ake yayi lokacin, ku rubuta a takarda ko ku ɗauki muryarshi a waya in ya yarda, ku ajiye tare da abin. Kuma kar ku danne shi a farashi don kun ga bai ɗauke shi a bakin komai ba, ku biya abin da kun san ya dace. Ina da wasu da na saya wurin 'yan gwangwan, ban san shagon da sunka fito ba balle mai su, wasu kuma na san masu su amma ban tambaye su komai ba sai da Allah ya yi musu rasuwa, Allah ya jiƙansu.