Kujerar roba a bayan sahu

A azumin 2022, tarawihi ɗina gaba ɗaya a kan kujerar roba na yi shi. Shekaruna 37 a lokacin. A masallacin unguwarmu a Rikkos, cikin garin Jos, akwai 'yan kujeru da ake jerawa a bayan sahun mata saboda tsofaffi, to nan na koma, kusa da wata baiwar Allah wadda ta yi jika da ni. Ba son jiki ba ne. In na yi sujada, wajen tasowa sai na dafa ƙasa da hannu biyu, gwiwata ta dama ta yi ƙara, in ji kamar an soka mini allura. Wani dare bayan an sallame, tsohuwar ta juyo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke kuma me ya kawo ki cikinmu?" Na ce, "Baba, gwiwa ce." Ta yi mini addu'a. Da na koma gida sai na shige banɗaki na yi kukana, don kada yara su ji.

'Ya'yana uku. Autan da tiyata aka ciro shi a farkon 2021, kuma surukata, Allah Ya saka mata da alheri, ta yi mini jego na gani na faɗa: kunun kanwa safe da yamma, farfesu, gasasshen nama, ba a bari in ɗauki ko tsinke. Aka yi arba'in, cin bai tsaya ba. Duk wadda ta gan ni a biki sai ta ce, "Kai, kin murje! Lallai maigida yana ƙoƙari." A wajenmu ƙibar mace shaida ce ta cewa tana cikin daula, shi ya sa babu wanda ya ga abin damuwa, ni ma ban gani ba, har sai da na je asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo saboda ciwon kai da ya ƙi sauka. Sikeli ya nuna kilo 96. Awon jini ya nuna 150 bisa 95, aka sake aunawa bayan mako biyu, bai sauka ba. Likitar ta ce daga 140 bisa 90 ake kiran abin hawan jini. Ta rubuta magani, ta ce in rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, sannan in samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako.

Na fara da hanyar da na ga ta fi sauƙi. Na sayi wani shayin rage ƙiba a hannun wata mai talla a WhatsApp. Kwana goma ina zawo, na sauke kilo biyu, suka dawo a mako guda. Kuɗina kawai na zubar, na kuma wahalar da cikina.

Abin da ya fi ɗaga ƙarfe wuya shi ne samun awa guda. Duk uwar da ke aiki a Jos ta san yadda safiya take: daga sallar asuba sai dafa ruwan wanka, domin a garin nan ba a yi wa yaro wanka da ruwan sanyi, balle a Disamba da Janairu lokacin da hunturu ke fasa leɓe. Sai karin kumallo, sai neman safar wannan da littafin wancan, sai ni ma in kama hanyar makarantar da nake koyarwa a titin Bauchi. Da dare kuma jiki ya mutu. Na duba, na sake dubawa, na ga babu wani gurbi sai tsakanin la'asar da magariba, lokacin da manyan biyu suke Islamiyya. Amma auta fa? Kuma tuwon dare fa?

Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in furta ta, domin mu an tashe mu a kan cewa mace ba ta neman lokaci don kanta. Wani dare bayan isha'i na kai wa maigida shayi na zauna.

"Abban yara, ina son in fara zuwa gidan motsa jiki."

Ya ajiye kofi. "Inda maza suke cire riga?"

"Akwai lokacin mata zalla, daga huɗu zuwa shida. Mace ce ke koyarwa. Ka zo ka gani da idonka."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To abinci fa?"

Na ce ranakun da zan je, tun da safe zan haɗa miya, tuwo kuma in na dawo. Ya je ya ga wurin, ya yarda da kwana uku a mako. Surukata Hajiya kuwa, da na durƙusa na roƙe ta ta riƙe mini auta, cewa ta yi, "Mu da muka yi surfe da daka da ɗiban ruwa ba mu biya kowa kuɗi ba. Amma kawo shi, ai ɗana ne." Gaskiya ta faɗa. Su aikin gida ya motsa musu jiki, mu kuma injin niƙa da Keke Napep sun ɗauke mana.

Na fara a watan Oktoba na 2022, da kambas na gwanjo da na saya a kasuwar Katako, doguwar riga mai faɗi, wando da ƙaramin hijabi. Na zaci injin gudu za a ɗora ni. Mai koyar da mu, wadda kowa ke kira Anti, ta tambaye ni tiyatar da aka yi mini da ciwon gwiwar, sai ta jawo benci ta ce in zauna in tashi ba tare da na dafa komai ba, sau goma. A na shida cinyoyina suka kama rawa. Ta ce nan matsalar take: in tsokar cinya da ta ɗuwawu ba su da ƙarfi, gwiwa ce ke ɗaukar duk nauyin ita kaɗai. Wata guda cur ba ta bar ni na yi tsalle ko gudu ba. Zama da tashi, hawa ɗan dakali da sauka, ɗaga ƙarfe mai kilo biyu, tafiya a kan injin minti goma sha biyar. Kwana biyu bayan zuwana na farko jikina ya yi tsamin da sai da bango nake bi in sauka matakala. Ta ce haka tsoka take yi in ta gamu da aikin da ba ta saba ba, zai wuce. Ya kuwa wuce. Amma ta ja mini kunne in bambance tsamin tsoka da zafi mai suka a cikin gaɓa. Na biyun, in na ji shi, in tsaya nan take.

Wani abu da ban yi tsammani ba: a ɗakin nan na zauna da matan da rikice-rikicen Jos suka raba unguwanninmu da nasu. Birom, Ibo, Yarabawa, mu Hausawa, duk muna nishi a kan tabarma ɗaya, da Hausa muke hira, kuma hirar ba ta wuce yara da kuɗin makaranta da miji. Wadda ta fi ƙarfafa mini gwiwa 'yar Tudun Wada ce. In ban zo ba sai ta kira ta ji ko lafiya.

Inda na yi babban kuskure shi ne wajen sikeli. Na sa wa kaina cewa sai na koma kilo 70 kafin azumi. Bayan wata guda na hau, na ga kilo ɗaya kacal ya tafi. Raina ya ɓaci, na shiga horar da cikina da yunwa. Na daina cin tuwo. In na zuba wa kowa abinci, ni sai in zauna gefe da kwanon kabeji da kokwamba. Jiri ya fara ɗibata a aji, fushi kuma ya yi mini yawa, abu kaɗan in daka wa yara tsawa. Kullum da safe sai na hau sikeli a ɗaki, in sauko ina tsaki, ban san ana kallona ba.

Ranar wata Lahadi na dafa shinkafa da wake, babbar 'yata, mai shekara 12, ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Washegari ma haka. Na tsare ta a kicin na ce ta gaya mini gaskiya.

Ta sunkuyar da kai. "Umma, ba na so in yi ƙiba. Na ga ke ma kin tsani jikinki."

Maganar nan ta fi ciwon gwiwar zafi. Yarinya tana kan girma, jikinta na buƙatar abinci, ni kuma da hannuna na koya mata tsoron kwano. Ban taɓa ce mata komai a kan jikinta ba, amma ta ji tsakin nan na kowace safiya. A daren na ɗauke sikelin na kai gidan Hajiya. Na zaunar da 'yata na ce, "Ba jikina na tsana ba. Jikin nan shi ya ɗauke ku ku uku. So nake in yi sallah a tsaye, in ga aurenki da ƙafata." Daga ranar tukunya ɗaya muke ci a gidan. Nawa malmalar tuwon ce ta ragu daga biyu zuwa ɗaya, miya da ganye suka ƙaru a kwanon kowa. Mu a Jos ba mu da uzuri a nan: ka shiga kasuwar Farin Gada ka ga kabeji da karas da koren wake da tumatir tuli, kayan da ake loda wa motoci a kai wasu jihohi. Na koma yin gwaten acca da yakuwa da alayyafo, wanda da can sai an yi marmari. Dunƙulen miya daga huɗu ya koma ɗaya, daddawa da citta da tafarnuwa suka cike gurbin, domin abin da ake so kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen. Lemon kwalba ya koma na baƙi. Maigida ya yi ƙorafin miya mako biyu, daga nan harshensa ya saba.

A azumin 2023 na rage komai. Ƙarfe sau ɗaya a mako, sai 'yar tafiya bayan tarawihi. Rabin raka'o'in na yi a tsaye, rabi a kujera, na kuma gode wa Allah.

Sai ga 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur. Kuɗin Keke ya ninka, kayan abinci suka tashi, wurin motsa jikin ma ya ƙara kuɗin wata saboda man janareta. Muka zauna da maigida muka yi lissafi, ga kuɗin makarantar yara yana tafe. Ba sai an gaya mini ba, na ajiye zuwa. Wata huɗu ban taka wurin ba, kuma na ji tsoron komawa gidan jiya. Anti ce ta ce mini a waya, "Kina da jarka a gida? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce." Haka na mayar da tsakar gida wurin atisaye. Galan mai lita biyar a kowane hannu, in yi tsugunno in tashi. Jarka mai lita 20, in ɗauka daga bakin ƙofa zuwa randa, baya a miƙe, ƙarfin daga cinya. Autana yakan hau bayana yana ƙirga mini, duk da ƙirgarsa ba ta wuce biyar. Ranar Asabar kuma bayan asuba mu fita mu biyu da maigida, mu taka har filin wasa na Rwang Pam mu dawo. Jos na bisa tudu kusan mita 1,200, hanyoyinta hawa da gangara, shi ya sa tafiyar ba wasa ba ce. Shi da ya fara don ya raka ni, yanzu shi ke tashina. A wannan tafiyar muke maganganun da ba ma samun yi a gaban yara.

Sau ɗaya na yi gaggawa, na ɗauki jarka biyu cike don in ga iyakata, bayana ya riƙe, sai da na yi mako uku ina lallaɓawa, Hajiya ce ta dawo yi mana girki. Tun daga nan ba na ƙara nauyi sai wanda nake kai ya zama mini sauƙi mako biyu a jere.

Yanzu sau biyu nake zuwa a mako, sauran a gida. Akwai makon da yaro zai kwana da zazzaɓi, ko a yi rasuwa, ko jarrabawa ta taso da tulin takardun dubawa, in rasa ko sau ɗaya. Da can sai in ce shi ke nan na ɓata, in zauna wata guda. Yanzu ranar da hali ya yi nake komawa, ba tare da na rama abin da ya wuce ba. Kilo 70 ɗin nan ban kai ba, ina 84, kuma sai a asibiti nake hawa sikeli. Awon jinina ya daidaita, ina shan maganina, ban kuma daina ba don likita ba ta ce in daina ba. Hajiya har gobe takan ce, "Kin rame, mutane za su ce ba ma ba ki abinci." Amma ita ce ta aiko jikarta ta tambayo mini yadda ake wannan zama da tashin.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris. Daren farko na shiga sahu na biyu, 'yata a gefena. Na yi isha'i da tarawihi a tsaye, na yi sujada na taso ban dafa ƙasa ba. Da aka sallame na waiwaya, tsohuwar nan tana kan kujerarta, kujerar da ke kusa da ita an ɗora mata jakunkuna. Na je na durƙusa na gaishe ta.

"Au, 'yar nan, kin gudu kin bar mu?"

"Baba, Allah ne Ya ba da sauƙi."

Ta kama hannuna ta ce, "Wane magani kika sha? Ni ma a samo mini."

Na ce ta matso bakin kujerar, ta kafa ƙafafunta a ƙasa. Na riƙe mata hannu ɗaya, 'yata ta riƙe ɗayan. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. A na uku ta ce ya isa haka, sai gobe in Allah Ya kai mu.