Silin gashi a yatsan jaririya

Satin da ya wuce 'yar tawa ta hana mu barci, kuka take kamar ana tsikarinta da allura, na ba ta nono ta ƙi, na goya ta na yi ta zagaye tsakar gida amma ina. Sai da Inna, uwar mijina, ta fito da tocila ta ce "ke cire mata safar nan mu gani", ashe silin gashina ne ya nannaɗe mata yatsan ƙafa har ya kumbura ya yi jajir. Wallahi jikina har rawa yake. Da man kaɗanya muka lallaɓa muka zare shi, don in ya daɗe jini ba ya kaiwa yatsan.

Yanzu kam kullum bayan wanka sai na buɗa tsakanin yatsun na tsane ruwan na shafa mai saboda hunturun nan, safa kuma sai na juya cikinta na duba zare.

Takalmin da babanta ya siyo mata ran kasuwar Maigatari yana nan cikin kwalla, baban yana ta mita. Watanta 5 fa, ƙafar ma yawanci guringuntsi ce, ina za ta da takalmi?