Wasiƙa daga Sikotland: Ranar da 'yata ta ƙure ni a gaban injin ɗaga jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman iyaye da malaman firamare. Ina fata kuna lafiya, ya zafi? Mu nan sanyi ne da yayyafi ba dare ba rana.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki yara muka je Falkirk, wani gari tsakanin Gilasgo da Edinbura, don su ga wani inji da ake ji da shi a ƙasar nan. A wurin akwai hanyoyin ruwa biyu da aka haƙa tun zamanin da domin jiragen dakon kaya, ɗaya tana sama da ɗaya da mita 35. A da, jirgi sai ya bi ta ƙofofin ruwa 11 kamar mai hawa matakala, ya kusan cinye yini guda. An rushe waɗannan ƙofofi a 1933, hanyoyin suka rabu, har zuwa 2002 da Sarauniya Elizabeth ta buɗe wannan ƙaton abu. Hannuwa biyu ne na ƙarfe, kowanne riƙe da kwami cike da ruwa. Jirgi ya shiga kwamin ƙasa, a rufe ƙofa, abin ya juya a hankali, cikin minti biyar jirgin yana can sama da mita 24, kwamin da ke sama kuma ya sauko.

Muna tsaye muna kallo sai 'yata, mai shekara tara, ta ja min riga. "Baba, wancan kwamin akwai jirgi, wannan babu. Me ya sa mai jirgin bai rinjayi ɗayan ba?"

Na buɗe baki, na rufe. Ni da na ci fiziks a WAEC da kiredit! Har yau zan iya rero muku ƙa'idar Arkimidis da Turanci ba tuntuɓe, don da bulala aka sa mana ita a ka. Amma ga ta a gabana, ƙarfe da ruwa, ban gane ta ba. Sai na yi irin ta manya, na ce mata bari mu je gida tukuna.

A hanya ina tuƙi abin ya faɗo min. Da muka isa na ɗauko sikelin da uwargida ke auna fulawa, na ɗora ƙaramar roba a kai, na cika ta da ruwa fal har baki, yarinyar ta rubuta nauyin. Na ba ta gwangwanin madara da muka zuba wa tsabar kuɗi, ta ɗora shi a hankali ya yi iyo, ruwa ya malalo. Muka goge wanda ya zube, muka sake duba sikeli. Nauyin yana nan inda yake. Ta ce ban yi daidai ba, ta karɓa ta sake da kanta har sau uku, tana ƙara kuɗi a gwangwanin. Kicin ya jiƙe sharkaf, uwarsu ta yi ta faɗa, amma a karo na uku yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Ashe ruwan da ya fita nauyinsa ɗaya da gwangwanin." Abin da Arkimidis ɗin, wani Bagirke, ya gano ke nan fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Duk jirgin da ya shiga kwamin, sai ya kori ruwa daidai nauyinsa, don haka kwaman biyu kullum kunnen doki suke. Mai ga-ruwa da garwa biyu a sanda ya san daɗin wannan daidaito a kafaɗarsa. Shi ya sa injin, duk girmansa, wutar da yake sha a juyi ɗaya ba ta wuce yunit ɗaya da rabi a lissafin mitar gidajenmu ba.

Na san wani zai ce ai su suna da abin nunawa, mu makarantarmu ko ɗakin gwaji babu. Gaskiya ne, kuma ba na raina wahalar malamin da ke fama da yara ɗari a aji ɗaya. Sai dai abin da ya fahimtar da 'yata roba ce da gwangwani. Injin tambayar kawai ya tayar. Abin tayar da tambaya kuwa ba mu rasa shi ba. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Marigayi Muhammad Bah Abba, malami ne a Jigawa, ya ɗauki wannan amsar ya haɗa abin sanyaya abinci, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Me ya riƙe rufin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara? Me ya sa ake ɗaga tankin ruwa sama? Yaron Yawuri da ya taɓa ganin gwangwani yana ƙara nutsewa da kowane kwabo da aka jefa masa, zai kalli kwalekwalen da aka yi wa lodi ranar kasuwa da wani ido daban.

Abin da na fi jin kunya shi ne sau nawa aka yi min irin wannan tambaya na ce "kin cika surutu". Yanzu ƙanenta ya taso ni gaba, wai sai na faɗa masa dalilin da kwaman ba sa kifewa idan injin yana juyawa. Na ce masa haƙoran giya irin ta mota ne ke riƙe su a miƙe, ya ce shi sai ya gani. Mun yanka kwali mun fara, haƙoran sun ƙi shiga juna.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan uwanku a Gilasgo