Daren da muka soya kayan gara

Makon jiya aka ba ni aikin gara na biki: dubulan, alkaki da cincin, kwana uku kacal a hannuna. Ranar Laraba da yamma ina zaune gaban bahon fulawa, kafaɗata tana ciwo, yarinyar da ke taya ni ta tafi ƙauye jinyar mahaifiyarta. Wallahi saura kaɗan in mayar wa mutane kuɗinsu.

Sai na faɗi halin da nake ciki a gurup ɗinmu na WhatsApp, wanda muka buɗe saboda adashi, mu matan unguwa masu sana'a. Kafin isha'i Hajiya mai turaren wuta ta aiko ɗanta da babban kaskonta. Yaya mai kunun aya ta shigo da ƙannenta biyu, ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Matsa ƙanwata, ke kama murzawa, ni zan tsaya a wuta." Har ƙarfe biyun dare muna suya muna hira.

Dama tun da kaya suka yi tsada muke haɗa kuɗi, ɗaya ta je Kasuwar Singa ta saro fulawa, sukari da jarkar mai, mu raba da kwano. Ya fi awon shago sauƙi nesa ba kusa ba.

Ranar Asabar aka kai gara, uwar amarya ta kira tana ta sa albarka. Da na kai wa Yaya ladan aikinta ta ƙi karɓa, sai da na haɗa ta da Allah. Allah Ya saka muku da alheri, 'yan uwana.