Godiya bayan aikin idon sawuna

Alhamdu lillahi, an sallamo ni. Ina gida, ƙafa a ɗage kan filo kamar yadda likita ya ce. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri, wayar na hannun Yaya, ni kuwa barci kawai nake ramawa.

Kun san yadda ciwon idon sawun nan ya daɗe yana damuna a wajen buga ƙwallo, ba sai na maimaita ba. Abin da muka daɗe muna kira tsohon targaɗe ashe ƙashi ne ya yi tsiro a gaban idon sawu, ɗaya a bakin ƙashin ƙauri, ɗaya a ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Da na lanƙwaso ƙafa sama sai su haɗu su matse naman da ke tsakani. Shi ya sa tsugunno ya gagare ni, hawa bene ya zama aiki. Likita ya ce ciwon 'yan ƙwallo ne, shekara da shekaru ana dukan ƙwallo da gaban ƙafa, ga targaɗe kan targaɗe.

Daren da za a wayi gari a shiga da ni, ba wanda ke yawo a kaina sai Van Basten, ɗan ƙwallon Holland da ya ɗauki kyautar gwarzon shekara ta Ballon d'Or sau 3 amma idon sawu ya sa ya ajiye ƙwallo a 1995 yana ɗan shekara 30. Da safe na faɗa wa likita. Ya yi dariya ya ce, “Shi guringuntsinsa ne ya lalace. Naka mun gani a hoton MRI, lafiya lau yake. Kankarewa kawai za mu yi.” Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara wa hannunsa albarka.

Aikin kansa ido biyu aka yi min. Allura aka yi a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Huda biyu kawai suka yi, kowace ba ta kai faɗin farce ba, ɗaya ta kyamara, ɗaya ta ɗan injin da ke kankare ƙashin, suna tura ruwa cikin gaɓar don su ga hanya. Ina jin ƙarar injin, ban ji zafi ko kaɗan ba.

Tsoron bai zo ba sai da aka gama. An turo ni ɗakin hutu, ina kallon ƙafafuna ƙarƙashin zani, na ce su motsa, suka ƙi. An gaya min tun farko haka za a yi, amma jin magana daban, ganin ƙafarka kwance kamar itace daban. Wallahi hawaye ne suka zubo min, ƙato da ni. Wata nas da ta riga ta tashi aiki, jakarta a kafaɗa, ta hango ni. Ta ajiye jakar, ta jawo kujera ta ce, “Ƙanena, allurar ce ba ta sake ka ba, awanni take ɗauka. Ba inda za ni sai ka motsa min babban yatsa.” Ta zauna tana ta ja na da hirar ƙwallon da na san ba ta dame ta ba, jifa-jifa ta matsa yatsun ta tambaya ko na ji. Da yatsan ya motsa, ita ta fita da kanta ta gaya wa Umma a baranda. Anti, Allah ya jiƙan mahaifa, ya raya miki zuri'a, ya sa kada ki taɓa neman taimako ki rasa, ya haɗa ki da mai zaunar miki ranar da kike buƙata.

Koci ya ce kada in ambace shi, to ya yi haƙuri: shi ya biya kuɗin hoton, bai gaya wa kowa ba, a bakin mai karɓar kuɗi na ji. Kyaftin da sauran yaran kulob sun yi karo-karo, har da waɗanda na san kuɗin motar zuwa tirenin ma wuya yake musu. Kawuna na Gwammaja ya cika ragowar. Yaya ya kwana a kan tabarma. Umma kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Allah ya biya ku da gidan Aljanna, ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba, ya tsare ƙafafunku da lafiyarku, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Akwai 'yan uwan da suka dage sai dai a koma wajen maɗori, wai tiyata ɓarnar kuɗi ce. Ba raina ɗori nake ba, amma tsiron da ke cikin gaɓa ba ya jin ja da matsa. Shawara dai sun bayar, dubiya ce ba mu gani ba, alhali tsakaninmu hawa ɗaya ne a adaidaita. Umma ta ce in bar zancen, na bari.

Saman ƙafar ta wajen ƙananan yatsu har yanzu da ɗan dindiris. Likita ya ce akwai jijiyar da ke wucewa kusa da hudar, yawanci takan dawo daidai a hankali. Nan da mako biyu za a cire zare, sai a shiga gashin ƙashi. Masu tambayar yaushe zan dawo fili, don Allah ku tambayi likita, shi ke da wuƙa da nama. Masu zuwa dubiya kuma bayan la'asar ya fi, da safe maganin na sa ni barci.